Yadda na koyi lissafin ƙarfen da ya sallama

Ni injiniya ne. Aikina shi ne in faɗa wa masu ƙira ko ƙarfen da suka zana zai ɗauki lodin da za a ɗora masa: tankunan da ke riƙe matsi, bututu, mahaɗar walda, ƙafafun da manyan injina ke zama a kai. A cikin wannan aiki akwai reshen da yawancin abokan karatuna suka kauce wa, wato lissafin abin da ke samun ƙarfe bayan ya wuce iyakar da zai iya komawa yadda yake. A nan ni na yi zamana. Matasa kan tambaye ni abin da ya kai ni, sai in ba su amsa a gajarce. Yau ina so in ba da ita da tsawonta.

A jami'a an raine mu a kan dokar da Robert Hooke ya wallafa a Ingila a 1678: gwargwadon ja, gwargwadon miƙewa. Ka ninka lodi, miƙewa ta ninka. Ka sauke lodi, abu ya koma mazauninsa. Doka ce mai daɗin aiki, gaskiya ce kuma, sai dai zangonta gajere ne. Ɗauki ƙarfen gini na yau da kullum, wanda ke sallamawa, wato ya fara miƙewar da ba za ta koma ba, idan sitires ya kai wajen megapaskal 250. Sitires shi ne rabon ƙarfin da ke faɗa wa kowane ɗan fili a cikin jikin abu, da megapaskal ake auna shi. Sanda mai tsawon mita ɗaya ta irin wannan ƙarfe, milimita ɗaya da kwata kawai za ta miƙe kafin ta kai iyakar nan. Bayan haka tana iya ci gaba da miƙewa fiye da santimita goma ba ta tsinke ba. Ke nan duk lissafin da muka sha a makaranta, a cikin wannan milimita ɗaya da kwata muka yi shi, sauran filin kuwa ko leƙa shi ba mu yi ba.

Da na fara aiki aka zaunar da ni gaban manhajar da ke amfani da hanyar ƙananan yankuna. Ana yanyanka siffar abu zuwa dubban yankuna su zama raga, a haɗa su a ƙulli-ƙulli, kowane yanki ya kawo tasa turjiyar, a tattara su a babban jadawali guda, kwamfuta ta warware. Masu ƙera jirgin sama ne suka fito da ita: a 1956 Turner da Clough da Martin da Topp suka wallafa aikin da aka yi a kamfanin Boeing, a 1960 kuma Clough ya raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi har yau. Muddin ana cikin dokar Hooke, sau ɗaya ake warware jadawalin, hoto mai launuka ya fito, shuɗi inda lafiya lau, ja inda sitires ya taru.

Irin wannan hoto na kai wa maigidana a wurin aiki wata rana. Tanki ne, a inda bakin bututu ya haɗu da jikinsa akwai ɗan tabo ja, lambar da ke kansa ta haura 600. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ƙarfen a nawa yake sallamawa?" Na ce, "A 250, ranka ya daɗe." Ya ce, "To wa ya ga 600? Kwamfuta ce ta gani. Ƙarfe da ya kai 250 zai saki, ya tura wa maƙwabtansa sauran. Abin da nake so ka faɗa mini shi ne, maƙwabtan za su iya ɗauka ko ba za su iya ba?"

Tambayar nan ce ta mayar da ni makaranta.

Malamin da Allah ya haɗa ni da shi a karatun digiri na gaba ya hana ni taɓa manhajojin kasuwa. Ya ce sai na rubuta tawa da Fortran, wani harshen rubuta manhaja, kuma kada in fara da raga, in fara da ɗigo ɗaya tak a cikin ƙarfe. A lokacin na ga kamar tsauri ne. Yanzu duk abin da nake ci da shi, daga wannan sharaɗin ya fito.

A ɗigo ɗaya, tambayar farko ita ce: yaushe ƙarfe ke sallamawa idan ana ja da matsa shi ta fuskoki da yawa a lokaci guda? Henri Tresca, Bafaranshe, ya amsa a 1864 bayan ya yi ta tura ƙarafa masu laushi irin dalma ta cikin ramuka: ƙarfe yana saki ne idan ƙarfin da ke neman zamar da sashe a kan sashe ya kai wani haddi. Richard von Mises ya kawo nasa ma'aunin a 1913, mai santsi babu kusurwa, shi ya sa kwamfuta ta fi jin daɗinsa. Iyakar saɓanin ma'aunan biyu kimanin kashi 15 ne cikin ɗari. Sun kuma yi ittifaƙi a kan wani abu mai ban mamaki: idan ka matsa ƙarfe daga kowane ɓangare daidai wa daida, ba zai sallama ba. Gwaje-gwajen Percy Bridgman a Amurka, ƙarƙashin matsi mai tsanani, sun nuna cewa da wuya matsin ya motsa iyakar. Dalili shi ne sallamawa zamewar jerin ƙwayoyin zarra ce a kan juna. Siffa tana canzawa, amma girman jiki yana nan yadda yake. Malam ya ce in riƙe wannan da kyau, zan sake gamuwa da shi. Na kuwa gamu da shi.

Abu na biyu shi ne wanda ya sauya mini tunani gaba ɗaya. A ƙarƙashin Hooke, faɗa mini miƙewar yanzu in faɗa maka sitires ɗin yanzu. Bayan sallamawa wannan ya ƙare. Sanduna biyu na iya zama da tsawo ɗaya a wannan lokacin, amma ɗaya tana cikin ja, ɗaya tana cikin matsi, domin an taɓa jan ta biyun ta wuce iyaka sannan aka turo ta baya. Ƙarfe yana riƙe da tarihinsa. Saboda haka ba a tsallakawa zuwa lodin ƙarshe. Ana ɗora shi mataki-mataki, kuma a kowane ɗigon Gauss, wato wuraren da ake auna sitires a cikin yanki, dole a ajiye abin da ya gabata: nawa ne miƙewar da ba za ta koma ba, ina iyakar take yanzu.

Yadda ake tafiyar da mataki ɗaya a ɗigo ɗaya, Malam ya kwatanta mini shi da akuya a turke. Turken shi ne cibiya, igiya ita ce iyakar sallamawa. A cikin da'irar da igiya ta zana, akuya na yawo yadda ta so, wannan shi ne yankin Hooke. Waje kuwa haram ne. Dabarar ita ce a fara yin kamar babu igiya: a lissafa inda sitires zai kai da a ce ƙarfen bai sallama ba. Idan wurin yana cikin da'ira, shi ke nan. Idan ya faɗa waje, sai a jawo shi baya, kai tsaye ta layin da ke fuskantar turke, har ya dawo bakin da'ira. Mark Wilkins ne ya bayyana wannan dabara a 1964 a cibiyar bincike ta Livermore a Kalifoniya. Ga ta da lambobi. Iyaka 250, hasashe ya kai 400, an wuce da 150. Ga ƙarfen nan ma'aunin turjiyar zamewa kimanin megapaskal 77,000 ne. Ninki ukunsa 231,000. A ce ƙarfen yana taurara, wato iyakarsa tana hawa yayin da yake sallamawa, da 2,000 a kan kowace miƙewa guda, a haɗa ya zama 233,000. Raba 150 da wannan, ka sami 0.00064. Ita ce sabuwar miƙewa marar komawa. Iyakar ta matsa daga 250 zuwa 251.3, a nan sitires zai tsaya. Layuka kaɗan ne a manhaja. Duk da sauƙinta, da Krieg da Krieg suka gwada ta da kishiyoyinta a 1977, ta tsaya da ƙafarta har a manyan matakai, kuma ba ta watsewa komai girman matakin. Ranar da ɗigona ɗaya ya zana layin ja da saki daidai da na littafi, na yi hamdala a fili, ni kaɗai a ɗakin kwamfuta.

Wahalar ta fara ne da aka haɗa ɗigogi dubbai a raga. Da zarar an gyara sitires a kowane ɗigo, ƙarfin cikin ragar ya daina yin daidai da lodin da ke waje. Bambancin shi ake kira ragowa, kuma aikin shi ne a kore ta. Ana zagaye: a warware jadawali, a sami sabon motsin ƙulli, a koma kowane ɗigo a yi hasashe da dawowa, a tattara ƙarfin ciki, a auna ragowa, a sake. Wannan ita ce hanyar Newton. Magabata sun bi ta hanyoyi daban-daban saboda kwamfutocin zamaninsu. Marcal da King a 1967 suna sabunta jadawalin turjiya a kowane mataki. Zienkiewicz da Valliappan da King a jami'ar Swansea ta Birtaniya, a 1969, sun bar jadawalin farko yadda yake, suna mayar da rarar sitires a matsayin ƙarin lodi. Wannan tana da arha a kowane zagaye, amma idan sallamawa ta yaɗu sai ta riƙa jan ƙafa. Akwai kuma ƙa'idar da Malam ya nanata mini har ta zauna: a cikin zagaye ba a taɓa tarihin ɗigo. Kowane zagaye yana farawa ne daga inda matakin baya ya zauna. Sai ragowa ta mutu sannan a rubuta sabon tarihi. In ba haka ba, tangal-tangal ɗin da lissafi ke yi a hanya zai shiga tarihin ƙarfe, a ɗora masa sallamawar da bai taɓa yi ba.

Manhajata tana aiki, amma a hankali. Na yi amfani da jadawalin tanjen ɗin da ke cikin littattafai, wato gangarar da ke nuna wa hanyar Newton yadda sitires ke canzawa idan miƙewa ta ɗan motsa, wanda aka ciro daga dokar sallamawa da zaton mataki ƙanƙane ne ƙwarai. Idan na rage mataki, lissafi ya zauna da wuri, sai dai matakan sun yi yawa. Idan na ƙara mataki, ragowa ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan kamar ba ta son tafiya. Na kai wa Malam kuka. Ya ce, "Newton yana neman gangarar abin da kake lissafawa. Kai me kake lissafawa, dokar ƙarfe ko dabarar dawowa?" Sannan ya miƙo mini maƙalar Simo da Taylor ta 1985.

Ina so mai karatu ya tsaya nan tare da ni, domin a duk fannin babu tunanin da na fi ƙauna kamar wannan. Sitires ɗin da kwamfuta ke samu a ƙarshen mataki ba daga dokar ƙarfe kai tsaye ya fito ba. Daga dabarar hasashe da dawowa ya fito. Idan aka ɗan motsa miƙewa, hasashe zai motsa, fuskar da za a dawo ta kanta za ta juya, yawan jawowar ma zai canza. Tanjen ɗin littafi bai san da jawowar ba. Yana ɗaukar cewa motsi a gefen da'ira yana haɗuwa da cikakkiyar turjiya, alhali dawowa ta riga ta rage ta da rabon iyaka a kan hasashe, a misalinmu 251.3 a kan 400. To sai Simo da Taylor suka ce: a ciro gangarar daga dabarar kanta. Gyaran da na yi a manhaja bai fi 'yan layuka ba. Na kunna, na zuba wa lambobin ragowa ido. Ɗaya cikin goma. Ɗaya cikin ɗari. Ɗaya cikin dubu goma. Ɗaya cikin miliyan ɗari. Kowane zagaye yana ninka yawan sifilai. Na san a takarda cewa haka Newton ke yi idan aka ba shi gangarar gaskiya, amma gani ya kori ji. Daga baya na sami labarin cewa Juan Carlos Simo, ɗan asalin Sifen da ya koyar a Stanford, ya rasu a 1994 yana da shekara 42. Na ji abin a raina kamar na san shi.

Wani abu da wannan ya koya mini, wanda har yau nake gani ana rikita shi: tanjen ba ya canza amsa. Gudun zuwa kawai yake canzawa. Ingancin amsa yana hannun dabarar dawowa, da girman mataki, da ragar, da kuma tsananin sharaɗin da aka sa wa ragowa. Lissafi yana iya zama cikin hanzari a kan amsar da ba daidai ba. Na ga haka da idona a gwajin da ya biyo baya.

Malam ya ba ni bututu mai kauri, faɗin waje ninki biyu na faɗin ciki, ƙarfe mai sallamawa a 250 ba tare da taurara ba, matsi daga ciki. An zaɓe shi ne domin ana iya warware shi da biro. Fatar ciki tana fara sallamawa a kimanin megapaskal 108. Bututun bai damu ba, domin zoben waje yana riƙe da na ciki. Sallamawa tana ci gaba da cin kauri, sai ta kai fatar waje a megapaskal 200, a nan ne bututu ke rushewa. Tsakanin 108 da 200 ga amsar tambayar maigidana nan kwance: kusan ninki biyu na ajiya, wadda lissafin Hooke ba ya gani. Manhajata ta kama 108 daidai. Ta bi layin lafiya. Da ta kai 200 sai ta wuce, ta ci gaba da hawa, ragowa kuwa tana mutuwa sumul a kowane mataki. Bututun da ya kamata ya rushe, kwamfuta ta ce yana nan daram.

Abin da Malam ya ce in riƙe ne ya dawo. Ƙarfen da ya sallama ba ya canza girma. Yanki mai kusurwa huɗu yana da ɗigon Gauss huɗu, kuma a kowannensu ana tilasta wannan sharaɗi. Amma a babbar raga kowane yanki 'yancin motsi biyu kacal yake ƙarawa. Sharuɗɗa sun fi 'yanci yawa, sai raga ta kulle, ta nuna ƙarfin da ƙarfen ba shi da shi. Nagtegaal da Parks da Rice ne suka fayyace wannan a 1974. Magani shi ne a sassauta: a auna canjin girma sau ɗaya a kowane yanki, a bar sauran lissafin a ɗigo huɗu, kamar yadda Hughes ya tsara a 1980. Da na yi haka, layin ya kwanta a 200. Wasu sukan rage komai zuwa ɗigo ɗaya, amma wannan yana buɗe wata ƙofar, raga ta riƙa murɗewa ba tare da turjiya ba, sai an sa mata linzami. Abin da ya tsorata ni a kullewar raga shi ne ɓangaren da take karkata. Tana sa abu ya zama kamar ya fi ƙarfinsa. Injiniyan da bai san da ita ba zai sa hannu da zuciya ɗaya.

Daga nan na daina kallon saƙon "lissafi bai zauna ba" a matsayin abokin gaba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani lokaci mataki ne ya yi girma. Wani lokaci wani sashe ne ba a ɗaure shi ba, ko sassa biyu na taɓa juna suna rabuwa. Wani lokacin kuma ƙarfen ne ya kai ƙarshensa: babu wani daidaito a lodin da ake nema, jadawalin turjiya ya zube, Newton yana neman abin da babu. Hanyar rarrabewa ita ce a zana lodi a kan motsi a ga ko layin yana kwanciya. Idan ana son bin sa har bayan ƙololuwa, sai a daina tura lodi a koma tura motsi, ko a yi amfani da hanyar tsawon baka ta Wempner da Riks, wadda Crisfield ya sauƙaƙa a 1981, inda lodi da motsi ke tafiya tare da ma'auni guda. Masu lissafin karon mota suna da tasu hanyar da ba ta zagaye, wadda ke tafiya da ƙananan matakan lokaci.  Na taɓa ta, amma ba gonata ba ce.

Na koma aiki da wannan guzuri. Yanzu manhajojin kasuwa nake amfani da su kamar kowa, irin su Abaqus da ANSYS, kuma manyan ƙwaƙwale ne suka gina su. Bambancin shi ne na san abin da ke faruwa a bayan kowane maɓalli. Dokokin ƙira ma sun buɗe ƙofa: kundin ASME, ƙungiyar injiniyoyin injina ta Amurka, na tankunan matsi, sashe na takwas kashi na biyu, wanda aka sake rubutawa a 2007, ya yarda a tabbatar da ƙira ta lissafin sallamawa. Karo na farko da na tsaya a gefen tanki ana gwada shi da ruwa, an manna ma'aunan miƙewa a kusa da bakin bututu, gabana faɗuwa yake. Matsi yana hawa, ma'aunin kusurwa ya bar layi miƙaƙƙe kusa da inda na ce zai bari. Aka sauke matsi, bai koma sifili ba, ya bar 'yar ragowa. Aka sake hawa, a wannan karon ya bi layi miƙaƙƙe har sama. Ƙarfen ya sallama sau ɗaya, ya shirya wa kansa sitires na ajiya, daga nan ya zauna. Maigidana ya tsufa a lokacin, amma ya zo. Ya dubi takardar, ya ce, "Madalla, ɗana. Maƙwabta sun ɗauka."

Ba kullum suke ɗauka ba, kuma aikin da na fi tunawa shi ne wanda na ce a'a. Bututu ne mai ɗauke da matsi marar canzawa, zafi kuma yana hawa yana sauka duk lokacin da aka kunna injin aka kashe. Masu aikin sun zo da rahoton wani ofishi da ke cewa bayan 'yan zagaye kaɗan ƙarfen zai zauna. Hotunan suna da kyau, lissafin ya zauna a kowane mataki. Na nemi ganin irin taurarar da aka zaɓa. An zaɓi wadda da'irar iyaka ke faɗaɗa ta kowane ɓangare, wato igiya na ƙara tsawo turke yana nan. Irin wannan tana da kyau idan lodi ɗaya ne mai hawa kawai. Idan ana kai da komo, da'irar za ta yi ta girma har ta haɗiye dukan zagayen, sai lissafi ya ce an zauna, ko da ƙarfen gaske bai zauna ba. Tun a shekarun 1880 Johann Bauschinger ya nuna a Jamus cewa ƙarfen da aka ja ya sallama, idan aka juyo aka matsa shi, yana sallamawa da wuri. Ke nan turken ne ke matsawa. Prager ya sa wannan a lissafi a tsakiyar shekarun 1950, Armstrong da Frederick suka inganta shi a 1966, Chaboche ya ɗora a kai. Matsalar bututu mai matsi da zafi mai kai da komo kuwa, Bree ya zana taswirarta tun 1967, ya nuna yankin da ƙarfe ke zama da yankin da yake ƙara kumbura kaɗan a kowane zagaye ba tsayawa.

Na sake lissafin da ƙarfe marar taurara, kamar yadda dokar ƙira ta tanada don irin wannan bincike, sannan na maimaita da turke mai matsawa. Na rage mataki, na ƙara yawan yankuna a cikin kaurin bango, don in tabbata ba raga ce ke magana ba. Duk ta inda na bi, faɗin bututun yana ƙaruwa a kowane zagaye, ƙaruwar kuma ba ta mutuwa. Da na ɗora lambobin a taswirar Bree da biro, suka faɗa yankin kumbura.

Taron da muka yi bai yi daɗi ba. An riga an sayi bututun, lokaci ya ƙure. Shugaban aikin ya ce, "Injiniya, kwamfuta ɗaya ce fa, manhaja ɗaya. Ta yaya su ta ce musu e, kai ta ce maka a'a?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya biyu aka yi mata. Su sun tambaye ta game da ƙarfen da iyakarsa ke faɗaɗa duk lokacin da aka taɓa shi. Irin wannan ƙarfen ba shi ne a farfajiyarku ba." Na zana masa da'irar biyu a allo, na nuna masa layin faɗin bututu yana hawa zagaye bayan zagaye. Na kuma gaya masa cewa akwai mutanen da za su riƙa wucewa ta gefen bututun nan kowace rana, kuma ba zan sa hannu ba. Ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da za a yi.

Mafitar ba ta kai tsadar da suke tsoro ba. Abin da ke tura ƙarfen shi ne bambancin zafi tsakanin fatar ciki da ta waje a lokacin kunnawa. Muka tsawaita lokacin ɗumama injin domin bambancin ya ragu, muka canza guntun da ke kusa da mahaɗa kawai, sauran bututun ya tsaya yadda aka saye shi. Na sake bin zagayen ɗaya bayan ɗaya da sabon tsarin. A na farko an sami 'yar sallamawa a fatar ciki, a na biyu ta ragu ƙwarai, daga nan layin faɗin bututu ya kwanta. Na rubuta iyakar saurin ɗumamawa a shafin farko na rahoton, na nemi a shigar da ita cikin littafin masu tafiyar da injin, sannan na sa hannu.